Yadda Ake Zama Ƙwararren Mai Haɗa Netiwok: Daga Matse Kan Waya Zuwa Takardar CCNA

Duk inda ka ga kwamfutoci suna magana da juna, ko a banki, ko a asibiti, ko a cibiyar da ake rubuta jarrabawar JAMB, to akwai wanda ya ja wayoyin, ya saita na'urorin, kuma shi ake nema ido rufe ranar da aka ce netiwok ya ɗauke. Ana shiga wannan sana'a ta hanya biyu: aikin hannu da takardar shaida. Matasa da yawa kan fara da takarda, su tara kuɗi su biya jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco mai dala 300 alhali ba su taɓa matse kan waya ko ɗaya ba. Wasu kuma sun yi shekaru suna bin oga, suna hawa silin da tsani, aikin ya zauna a hannunsu, amma ba su da abin da za su ajiye a gaban mai ɗaukar ma'aikata. Tsarin da ya fi fitar da mutum shi ne hannu ya riga takarda, kuɗin jarrabawa kuwa ya zama abu na ƙarshe da za a kashe.

Mataki na 1: Fara da waya

Kayan farawa ba su da yawa: filayar matse kai, abin feɗe bawon waya, fakitin kawunan RJ45, ƙarfen danna sili a soket ɗin bango, ƙaramar na'urar gwaji mai fitila 8, da wayar Cat6 kamar mita 30. Ana samunsu a titin Beirut a Kano, a Banex a Abuja, ko a Computer Village da ke Ikeja.

In ka feɗe wayar za ka tarar da sili 8 a murɗe bibbiyu, wato tagwaye 4. Jerin da aka fi amfani da shi sunansa T568B. Ka riƙe kan RJ45 ɗin, maƙallinsa na kallon ƙasa, ka jera daga hagu zuwa dama: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, sai ruwan ƙasa. Ka datse su daidai da juna, ka tura har sai ka hango jan ƙarfen kowane sili ya taɓo ƙarshen kan, bawon wayar kuma ya shige ciki inda haƙorin roba zai danne shi, sannan ka matse. In bawon ya tsaya a waje, silin ne ke ɗaukar nauyin duk wani ja, bayan 'yan watanni sai layin ya fara ɗaukewa yana dawowa.

Akwai kurakurai da na'urar gwaji mai araha ba ta kamawa, su ne kuma suke bambanta mai sani da mai kwaikwayo. Na farko, jera launuka yadda aka ga dama muddin kai biyun sun yi daidai. Fitilu 8 duka za su kama, amma an raba tagwaye, murɗin da ke kashe hayaniyar lantarki ya tashi a banza, sai layin ya riƙa zubar da saƙo in waya ta yi tsawo. Na biyu, warware murɗin da yawa. Kada ya wuce milimita 13 a bakin kai ko soket. Na uku, wayar bogi. Kasuwa cike take da kwalayen da aka rubuta musu Cat6 amma cikinsu alminiyom ne da aka shafa wa jan ƙarfe, wadda ake kira CCA. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, ita ce. Tana karyewa da sauri, tana zafi in an ɗora mata wuta, kuma ba ta kai nisan da ake buƙata.

Nisan kuwa mita 100 ne iyaka, 90 a cikin bango, 10 na gajerun wayoyin da ke kai biyun. In gini ya fi haka nisa, suwic, akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa, za a sa a tsakiya, ko a ja fayiba, wayar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske. Ka kuma riƙe wannan: gudun megabit 100 sili 4 kawai yake amfani da su, na 1, 2, 3 da 6, amma gigabit sai da 8 duka. Don haka in ka ga kwamfuta da suwic masu gigabit sun tsaya a 100, kafin ka zargi na'ura ka sake matse kan.

Sai batun tura wuta ta cikin wayar, wato PoE, wanda kyamarori da na'urorin Wi-Fi na silin ke rayuwa a kansa. Ƙa'idar 802.3af tana ba da wat 15.4 daga suwic, 802.3at tana ba da 30, 802.3bt ta kai 60 zuwa 90. Waɗannan suna tambayar na'ura kafin su sakar mata wuta. Amma wasu rediyoyin MikroTik da Ubiquiti suna zuwa da adafta mai sakin bolt 24 kai tsaye ba tambaya. Haɗa adaftar da ba ta dace ba shi ke ƙona na'ura nan take, don haka a karanta abin da aka rubuta a bayanta kafin a soka.

Mataki na 2: Lissafin adireshi

Nan ne mafi yawan masu koyo suke karaya, kuma nan ne jarrabawa take cinye musu lokaci. Ba a shiga da kalkuleta, don haka dole lissafin ya koma ka.

Adireshin IPv4 bit 32 ne. Lambar da ke bayan sandar / a ƙarshen adireshi ita ke faɗin girman yanki, wato rukunin adireshin da ke netiwok ɗaya. /24 adireshi 256 ne, ana amfani da 254, domin na farko sunan yankin ne, na ƙarshe kuma na shela ga kowa. Daga nan rabi-rabi ake tafiya: /25 yana ɗaukar na'ura 126, /26 62, /27 30, /28 14, /29 6, /30 kuma 2.

Ga yadda ake yi. An ba ka 192.168.10.77/26. Girman yanki 64 ne, don haka yankunan suna farawa daga 0, 64, 128 da 192. Lamba 77 ta faɗa tsakanin 64 da 127. Ke nan sunan yankin 192.168.10.64, adireshin shela 192.168.10.127, waɗanda za a raba wa na'urori daga 65 zuwa 126, mas ɗin kuma, wato /26 ɗin in an rubuta shi a siffar adireshi, 255.255.255.192.

A wurin aiki tambayar takan zo ta baya. Makaranta tana da kwamfuta 50 a ɗakin gwaji, 20 na malamai, da kyamara 10, an ba ka 192.168.10.0/24 ka raba. Ka fara da babba: 50 na buƙatar /26, daga 0 zuwa 63. Sai 20 su ɗauki /27, daga 64 zuwa 95. Sai kyamarori /28, daga 96 zuwa 111. In ka fara da ƙarami, babban yankin ba zai sami iyakar da ta dace da shi ba, sai ka ɓarnatar da adireshi ko yankuna su hau kan juna.

Ka haddace adireshin cikin gida guda uku: duk mai farawa da 10, daga 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. In kuwa ka ga kwamfuta ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, tana gaya maka ne ta nemi mai rabon adireshi ba ta same shi ba. IPv6 bit 128 ne, yankin da aka saba bayarwa /64, mai farawa da fe80 kuma ba ya fita daga layin da yake kai. Ka riƙa yin tambaya 10 kullum har sai kana amsa kowace cikin rabin minti. Wanda bai kai nan ba bai isa biyan kuɗin jarrabawa ba, ko da ya gama karanta littafin.

Mataki na 3: Ɗakin gwaji

Ba sai da kuɗi ba. Packet Tracer manhaja ce ta kamfanin Cisco da ake saukewa kyauta bayan an yi rajista a Cisco Networking Academy, kuma laftop mai matsakaicin ƙarfi yana ɗaukarta. Da zarar an sauke, mafi yawan aikin ba ya cin data. GNS3 da EVE-NG sun fi kusa da na'urar gaske, amma suna son RAM mai yawa. A bar su sai gaba.

Ka gina netiwok ɗaya, ka riƙa ƙara masa hawa a wannan jeri.

Kwamfuta 2 da suwic 1, ka ba su adireshi da hannu, su amsa wa juna ping, umarnin da ke gwada ko saƙo yana kaiwa. Sannan ka raba suwic ɗin gida biyu, VLAN 10 da VLAN 20, da umarnin switchport mode access da switchport access vlan 10. Ping zai daina wucewa tsakanin gidajen, kuma haka ake so. Ka ƙara suwic na biyu, ka mai da layin da ke tsakaninsu babbar hanya mai ɗaukar VLAN duka da switchport mode trunk, bisa ƙa'idar 802.1Q. Ka kawo rauta, na'urar da ke kai saƙo daga yanki zuwa yanki, ka tsaga kafarta ɗaya zuwa ƙananan kafofi, kowace da encapsulation dot1Q da lambar VLAN ɗinta, don gidajen su sake jin juna. Nan kusan kowa yake tuntuɓe: kafofin rautar Cisco a kashe suke zuwa, sai ka rubuta no shutdown a uwar kafar.

Daga nan ka sa rautar ta riƙa rabon adireshi da DHCP, ka ware na firinta da na kyamara da ip dhcp excluded-address. In mai rabon yana wani yanki daban, sai an sa ip helper-address, domin rauta ba ta ƙetarar da shela. Ka haɗa rauta 3, ka fara nuna musu hanya da hannu, sannan ka goge ka bar OSPF, tsarin da rautoci ke koya wa juna hanya da kansu, ya yi. In maƙwabta suka ƙi gaisawa, duba abu uku: lambar area ta OSPF, mas, da lokutan gaisuwa, waɗanda a layin Ethernet daƙiƙa 10 da 40 ne. Ka lura kuma OSPF da ACL, jerin dokokin abin da zai wuce da abin da za a toshe, mas ɗinsu a juye yake, /24 ana rubuta shi 0.0.0.255. A ƙarshe ka sa NAT, mai sauya adireshin cikin gida zuwa na fita intanet, ka rufe Telnet ka buɗe SSH, ka rubuta ACL. Kowane ACL yana da haramci a ɓoye a ƙarshensa. Duk abin da ba ka halatta da bakinka ba ya toshe, har da kai mai saitin in ba ka yi hattara ba.

Umarnin dubawa su ne idonka: show ip interface brief, show vlan brief, show interfaces trunk, show ip route, show running-config. Kuma duk lokacin da ka gama, copy running-config startup-config. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wanda ya manta wannan layi ɗaya zai dawo washegari ya tarar da aikin jiya ya tafi.

In netiwok ɗin ya tashi, sai ka ɓata shi da gangan, ko ka ba abokin karatu ya ɓata ba tare da ya gaya maka inda ya taɓa ba. Awa ɗaya ta neman matsala ta fi awa uku ta kallon bidiyo amfani.

In hali ya samu, a sayi na'urar gaske ta hannu: suwic Catalyst 2960 guda ɗaya ko biyu, tsohuwar rauta irin 1941, ƙaramar MikroTik, da wayar konsol mai kan USB. Ana shiga Cisco ta PuTTY a gudun 9600, MikroTik mai kafar konsol kuma 115200. In ka ga haruffa a cakuɗe a allo, gudun ne bai dace ba. Mutum uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su saya tare.

Mataki na 4: Koyon neman matsala

Daga ƙasa ake farawa. Fitilar kafa tana ci? In ba ta ci, waya ce ko wuta. In tana ci, ipconfig: akwai adireshi, kuma na yankin da ya dace ne? Sai ping zuwa ƙofar fita, wato adireshin rautar yankin. In ta amsa, ping zuwa 8.8.8.8. In wannan ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar DNS ce, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, nslookup zai tabbatar. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta. Mai sauya abu biyar a tare, ko netiwok ya dawo, bai san abin da ya gyara ba.

Matsalolin da aka fi kira a kansu a ofisoshinmu ba su da yawa. Wani ya ga waya tana lilo ya soka kanta a suwic ɗin da ta fito, saƙo ya shiga zagaye ba fita, fitilu duka suna ƙyaftawa tare, komai ya tsaya. Suwic mai STP, tsarin hana irin wannan zagaye, yana toshe wannan, mai araha sau da yawa ba ya yi. Ko ma'aikaci ya kawo rautar gidansa don ya sami Wi-Fi a ofishinsa, ta shiga rabon adireshi, rabin ginin ya bi ta. Maganin wannan DHCP snooping ne. Ko an ba firinta adireshi da hannu daga cikin waɗanda DHCP ke rabawa, sai rikici ya tashi duk ranar da aka ba wata kwamfuta irinsa. A Wi-Fi na 2.4 GHz, tasha 1, 6 da 11 ne kawai ba sa shiga juna. Sai namu na gida: ƙurar hunturu tana toshe fankar suwic, zafin bazara a ɗakin da ba iska yana sa na'ura ta riƙa kashe kanta, tsawa kuma takan biyo wayar da aka ja tsakanin gini biyu ta ƙona kafofi. Shi ya sa tsakanin gini da gini fayiba ta fi, tunda ba ta ɗaukar lantarki, rediyon da ke kan ƙarfe kuma dole a yi masa waya zuwa ƙasa.

Mataki na 5: Zaɓen takarda

CCNA ta Cisco ita ce aka fi gani a tallan neman ma'aikata. Lambar jarrabawar 200-301, an fara ta a Fabrairun 2020, aka sabunta manhajarta a Agustan 2024. Minti 120 ce, kuɗinta dala 300, ba a buƙatar wata takarda kafin ita. Kaso 25 cikin 100 na tambayoyin kan nemo hanya ne tsakanin rautoci, 20 kan tushen netiwok, 20 kan suwic da Wi-Fi, 15 tsaro, 10 hidimomi irin DHCP da NAT, 10 kuma sarrafa na'urori ta manhaja. Wannan na ƙarshe mutane ke rainawa, alhali maki ne mai sauƙin samu: sanin fasalin JSON, yadda REST API ke aiki, da abin da Ansible ke yi. Cisco ba ya bayyana makin cin jarrabawar. Ga wanda yake jin CCNA ta yi masa nisa akwai ƙanwarta, CCST Networking, da aka fito da ita a 2023 a kan dala 125.

Network+ ta CompTIA ba ta jingina da kamfani ɗaya ba. Wadda ake yi yanzu N10-009 ce, ta fito a Yunin 2024: tambaya ba ta wuce 90, minti 90, ana ci da maki 720 cikin 900, kuma kaso mafi girma, 24 cikin 100, neman matsala ne. Manhajarta kyakkyawar taswira ce ga mai farawa. Sai dai kuɗinta ya fi na CCNA, kuma ba ta kai ta zurfi wajen saita na'ura ba. Wanda kuɗinsa na jarrabawa ɗaya ne, ya karanta manhajar Network+ kyauta, ya kai kuɗin ga CCNA.

MTCNA ta MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya, tsarinta daban ne: sai an halarci horo na 'yan kwanaki a hannun malamin da kamfanin ya amince da shi, a ƙarshe a yi tambaya 25 cikin awa ɗaya, a ci da kaso 60. Sunanta bai kai na Cisco ba, amma na'urorinta ne cike da otal-otal, makarantu da wuraren masu sayar da intanet na unguwa, saboda araha. Mai son ya fara samun kuɗi da wuri da aikin kansa, wato saita hotspot, raba gudu tsakanin masu amfani, haɗa layin intanet biyu, ya koyi RouterOS, manhajar da ke cikin na'urorin MikroTik, da Winbox da ake saita su da shi, ko da bai yi jarrabawar ba tukuna. Sabuwar MikroTik takan zo da adireshin 192.168.88.1, abu na farko shi ne sa mata kalmar sirri mai ƙarfi da sabunta manhajarta.

HCIA-Datacom ta Huawei tana da amfani ga mai hangen kamfanonin waya da 'yan kwangilarsu, inda kayan Huawei suka yi yawa. Iliminta kusan ɗaya ne da na CCNA, umarnin ne suka bambanta: inda Cisco ke cewa show, Huawei display yake cewa. Manhajar gwajinta eNSP.

Fayiba sana'a ce mai zaman kanta, kuma takardar da aka sani a kanta CFOT ce ta ƙungiyar FOA. Ko ba ka yi ta ba, ka san abubuwan yau da kullum: waya mai launin rawaya mai hanya ɗaya ce ta nisa, koren kai APC ne, shuɗi UPC, ba a haɗa su da juna, haɗi mai kyau asararsa ba ta wuce 0.1 dB, datti a bakin kai shi ne kan gaba wajen rage haske, kuma ba a leƙa bakin fayiba da ido, don haskenta ba ya ganuwa amma yana lahani.

Mataki na 6: Inda za a koya

Cisco Networking Academy, wadda aka kafa a 1997, ta raba CCNA kwas uku: ITN, SRWE da ENSA, ana koyar da su a jami'o'i, kwalejojin fasaha da cibiyoyi masu zaman kansu. Ɗalibin da ya yi kyakkyawan sakamako a jarrabawar ƙarshe ta kwas na uku yakan sami rangwamen kuɗin CCNA, don haka ka tambayi malamin sharuɗɗan tun ranar farko. Huawei ma yana da makarantunsa a cikin jami'o'i, har da ABU Zariya. Digital Bridge Institute, wadda hukumar NCC ta kafa a 2004, tana da reshe a Kano, Abuja da Legas. A ɓangaren boko, hukumar NBTE da ke Kaduna ta raba HND na kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki netiwok ne da sarrafa bayanai a gajimare. Ɗalibin da zai tafi SIWES ya nemi wurin masu ba da intanet ko masu sa kyamara, ko da ba a biya, maimakon ofishin da za a zaunar da shi yana buga takardu.

'Yan Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci za su sami darussan makarantar Cisco da Faransanci, amma ita jarrabawar CCNA da Turanci da Japananci kawai ake yin ta, don haka a saba da kalmomin Turancin tun ana karatu.

Kafin ka biya kowace cibiya, ka ce a nuna maka ɗakin gwaji. Ka ƙirga na'urorin, ka tambayi ɗalibi nawa ke kan kowace, ka nemi lambar takardar malamin, tunda ana iya tantance ta a intanet. Ka kuma bambance abu biyu da ake yawan rikita mutane da su: takardar halartar kwas da cibiya ke bugawa daban, takardar CCNA da Cisco ke bayarwa bayan jarrabawa daban. Duk wanda ya ce zai samo maka takardar ba tare da ka zauna jarrabawa ba, ɗan damfara ne.

Ga mai farawa daga tushe, awa 2 a rana na wata 4 zuwa 6 lissafi ne mai kyau, rabi karatu rabi gwaji. Ka sauke jerin batutuwan jarrabawar daga shafin kamfanin, ka buga a takarda, kada ka soke layi sai ka iya yin abin ba tare da duba littafi ba. Akwai tambayoyin sata da ake yaɗawa a WhatsApp da Telegram. Amfani da su ya saɓa yarjejeniyar da kake sa wa hannu, ana iya soke takarda a hana mutum sake zama, amsoshinsu da yawa ma kuskure ne. Wanda ya ci da su kuwa, ranar da aka ajiye masa suwic da wayar konsol a wurin ganawa asirinsa yake tonuwa.

Mataki na 7: Rajista da ranar jarrabawa

CCNA da Network+ da HCIA duk ta Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawa a cibiyoyinsa, ake yin su. Wajen buɗe asusu, ka rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a katin shaidarka. Muhammad a kati, Mohammed a rajista, ya isa a mai da mutum gida, kuɗinsa kuma ya tafi. Ka tanadi shaida biyu na asali waɗanda ba su ƙare ba, babbar ta gwamnati mai hoto da sa hannu, kamar fasfo ko lasisin tuƙi, ka kira cibiyar tun da wuri ka ji abin da take karɓa. Da dala ake biya. In katin bankinka bai wuce ba, a sayi baucar jarrabawa a wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi. Bauca tana da ranar ƙarewa, wasu kuma an ɗaure su da yankin da za a yi amfani da su, don haka mai arahar da ta wuce hankali abar gudu ce.

Ana iya yin jarrabawar daga gida ta OnVUE, mai sa ido yana kallonka ta kyamara. Amma sharuɗɗan suna da tsauri: ɗaki a rufe, tebur fayau, ba mai shigowa, ba magana, intanet kuma kada ya yanke. Yaro ya turo ƙofa ko wuta ta ɗauke, ana iya soke zaman. In akwai cibiya a garinku ko kusa, ita ta fi kwanciyar hankali. Ka isa da rabin awa kafin lokaci.

Dabarar cikin ɗaki ta bambanta. A CCNA ba a komawa baya: ka danna gaba, tambayar ta wuce har abada. Don haka kada ka bar ko ɗaya ba amsa, kada kuma ka zauna minti 10 kan guda ɗaya. A tambayoyin saita na'ura, ka karanta duk abin da aka nema kafin ka fara bugawa, ka duba da umarnin show, ka adana. A Network+ kuwa ana yi wa tambaya alama a dawo mata, kuma tambayoyin aiki sukan zo a farko; ka tsallake su, ka kwashe masu sauƙi, sannan ka dawo da sauran lokacin. Allon rubutu da za a ba ka, ka fara zuba jadawalin /24 zuwa /30 a kansa da zarar jarrabawa ta fara. In ba a dace ba, takardar sakamako tana nuna ɓangaren da aka yi rauni, Cisco kuma yana sa a jira kwana 5 kafin a sake zama, da sabon biya.

Mataki na 8: Bayan an ci

Cisco da CompTIA suna ba da bajo ta Credly wanda mai ɗaukar aiki zai iya tantancewa. Ka sa shi a takardar neman aiki da LinkedIn. Ka haɗa da shaidar aikin hannu: zanen netiwok ɗin da ka gina, jadawalin adireshi, hoton akwatin suwic da ka tsara, kowace waya da lambarta a kai biyun. Aikin farko yawanci jan waya ne, sa kyamara, ko zaman amsa kiran masu matsala a kamfanin intanet, kuma nan ake ganin matsalolin da babu su a Packet Tracer. Mai niyyar yin kwangila da hukumomin gwamnati a Najeriya ya nemi bayanin rajista da CPN, majalisar da dokar 1993 ta ɗora wa kula da masu sana'ar kwamfuta.

CCNA, Network+, MTCNA da HCIA duk shekara 3 suke yi su ƙare. Ana sabunta CCNA da sake jarrabawar, ko tara maki 30 na ci gaba da karatu, ko cin jarrabawa ɗaya ta matakin CCNP da ke gaba da CCNA, kamar ENCOR mai lamba 350-401 ko ENARSI mai lamba 300-410. Wannan ta ƙarshe ta fi riba, tunda kuɗi ɗaya ya sabunta tsohuwa ya kuma kai ka rabin hanyar sabuwa. Network+ ma maki 30 take nema, ko a ci Security+, wadda ke sabunta ta kai tsaye. Ka rubuta ranar ƙarewar a inda za ka gani, ka fara shiri tun saura wata 6, domin in CCNA ta riga ta ƙare, makin karatu ba ya dawo da ita, sai an sake zama jarrabawar daga farko.